Ƙorafi Kan Hana Mutari Taimakon Barin Taba

Daga: Malam Abdulƙadir Gidaɗo,
Tsohon daraktan lakwal (makaranta),
Guci, gundumar Dungas.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Asusun Taimakon Masu Barin Taba na gundumomin Magariya da Dungas,
Magariya, jihar Damagaram.

Litinin, 23 ga Yuni, 2025

Game da: Hana Mutari Zubairu na Guci taimakon barin taba har sau uku, da abin da hakan ya jawo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da muƙaminka, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin Mutari, ɗan ƙanena marigayi Zubairu, mai shekara talatin da huɗu. Tsohon ɗan kabu-kabu ne. Ya yi shekara shida yana shan ƙwayar tramol, har babur ya tafi, har surukinsa ya zo ya ɗauke 'yarsa Hasiya da yara biyu. Ranar 18 ga Agusta, 2024, ya bari. Yau wata goma da kwana biyar ke nan bai sha ko ɗaya ba. Surukin ya faɗa a gabana cewa idan ya cika shekara, zai mayar masa da iyalinsa. Abin da ya kasa bari shi ne sigari, kuma saboda irinsa aka ce an kafa asusunku da kuɗin gwamnati. Ga abin da ya faru.

1. Ranar Litinin, 12 ga Mayu, na raka shi biro ɗinku, wato ofishinku na Magariya, da karnen likitansa, ɗan littafin nan na asibiti. Sakatare ya buɗe rajista, ya ji an ce Guci, ya rufe. Ya ce Guci ƙasar Dungas ce, mu tafi reshen can.

2. Ranar Talata, 20 ga Mayu, muka je Dungas. Mun tarar da ɗaki mai sabon fenti da babban allo ɗauke da sunan kwamitinku, da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi, dattijon kirki, ya ce tun da aka kafa allon bai ga an buɗe ba, duk wanda ya zo Magariya yake tura shi.

A nan ina roƙon izinin tunatarwa. Na koyar a Guci daga 1979 zuwa 1986, kuma a Magariya nake karɓar albashina, domin a lokacin Guci da Dungas duka ƙarƙashin Magariya suke. Sai a watan Agustan 2011 aka ɗaga Dungas ta zama gunduma, kuma dalilin da aka gaya mana shi ne a kusanto da hukuma ga talaka. Ban taɓa karanta inda dokar ta ce mutumin Guci ya rasa gida biyu ba. Sunan kwamitinku ma gundumomi biyu ya ƙunsa. Yana nan a kan hatiminku.

3. Ranar Litinin, 2 ga Yuni, muka koma Magariya. Wannan karon an karɓi maganar iyaka, sai aka fito da wata. Mataimakinka ya ce maganin tsotsa da na liƙawa a dantse kaɗan ne, an ware su ga “masu shan taba zalla”. Ya ce wanda ya fito daga ƙwaya a bar masa tabarsa, ita ce mai sauƙi. Ya faɗi haka yana dariya, Mutari na tsaye, ana kallonsa. Na nemi a nuna mini wannan ƙa'ida a rubuce, aka ce tana kulle cikin almuru, wato kabad ɗin takardu, mai makulli ya tafi salla. Ƙarfe goma da kwata na safe ne. Na rubuta lokacin.

4. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da alama waɗanda suka tsara wannan ƙa'ida ba su taɓa sayen sigari kara ɗaya a ƙauye ba. A wajenmu ba a kanti ake sayensa ba, a teburi ne. Kuma teburin da ke jera sigari da ashana a sama, shi ne ke da gwangwanin tramol a ƙasa. Wato duk lokacin da kwaɗayin taba ya tashi, sau biyu ko uku a yini, Mutari yana zuwa ya tsaya a gaban mutumin da ya shekara shida yana sayar masa da ƙwaya. Wannan ce tabar da mataimakinka ya kira mai sauƙi.

Ranar Juma'a, 20 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci, ya sayi kara uku. Mai teburi ya miƙa masa, ya ɗora ƙwaya biyu a kai, ya ce gyara ce, ta tsohon abokin ciniki, kamar yadda mai gyaɗa ke ƙara wa mutum 'yar kaɗan a kan mudu. Mutari ya riƙe su a hannu daga bakin kasuwa har zauren gidana. Da ya iso rigarsa ta jiƙe da gumi. Sai da na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ce kawai shi ne: “Baba, karɓi. Gobe ban sani ba.”

Tun ranar ni nake zuwa teburin ina sayo masa. Ina da shekara saba'in da uku. Na yi shekara talatin da biyar ina ƙwace sigari a hannun yaran mutane, yau ga ni ina miƙa dala biyar-biyar ana ba ni kara, tsofaffin ɗalibaina suna sunkuyar da kai. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don a san abin da kwaɗon Dungas ya haifar. Maganar mai teburi kuwa na kai ta inda ta dace, ba ita nake kawo muku ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a rubuta sunan Mutari Zubairu a rajistar Magariya cikin wannan mako, a fara ba shi magani da zaman shawara. A buɗe ɗakin Dungas, ko a sauke allon. Ƙa'idar da ta ware masu barin ƙwaya, idan akwai ta, a soke ta, domin dokar yaƙi da taba ta Mayun 2006, iya karatuna, ba ta raba 'yan ƙasa gida biyu ba. Idan kuma babu ta, a gaya wa mataimakinka.

Saura kwana hamsin da shida ya cika shekara. Ƙwayoyin nan biyu na naɗe su a takarda, na liƙa a ƙasan wannan shafi, ba a ɓare su ba. Ina roƙon a bar su a kan teburinka har ranar da aka amsa mini.

Ka huta lafiya, tare da cikakkiyar girmamawata.

Naka mai biyayya,
Malam Abdulƙadir Gidaɗo
(sa hannu)