Hoton Inno

Kano, 6 ga Maris 1974

Kawu Mala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Malam Sha'ibu maƙwabcinmu ne ke rubuta mini wannan.

Kawu, Inno ta rasu ranar Laraba, kwana huɗu da isowarmu. Da tari muka baro garinmu Dogo da ita. Har a kan kamyo, babbar motar da ta kawo mu, tana tambaya wa zai shayar da akuyar da muka bari. Allah ya ba ka haƙuri, yayarka ce kafin ta zama uwata.

Ina roƙon hoton da ka ɗauke ta a ƙofar shagonka ranar da muka biyo ta Damagaram. Ba ta taɓa yin wani ba.

'Yarka, Ramlatu

Damagaram, 29 ga Maris

Ramlatu,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Zan gaya miki gaskiya. Tun kaka sabon fim bai zo mini daga Yamai ba. Wanda ke cikin tsohon akwatin hotona ranar nan, wani bature malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya bar mini, wa'adinsa ya wuce da shekara takwas, zafi kuma ya dafa shi. Na san haka. Amma kun zo da yunwa, ba ni da ko tiya ɗaya ta hatsi da zan ba ku, sai ga ta ta ɗaura zanenta baƙi ta ce in ɗauke ta. Na kasa cewa a'a.

Har yau ban wanke shi ba. Tsoro nake ji.

Kawunki, Mala

Kano, 17 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka wanke shi, ko me ya fito.

Inno ta san babu komai a gidanka. Ta leƙa madafi ta ga toka ta yi sanyi. A hanya ta ce mini ita ba ta damu da hoto ba. "Na nema ne don kada Mala ya ce mun tafi bai ba mu komai ba."

Ka huta lafiya.

Ramlatu

Damagaram, 12 ga Mayu

Ramlatu,

Na wanke shi. Bango ya fito, benci ya fito, zanen ma ana ganinsa. Fuskar ce kamar hayaƙi ya rufe ta. Na gwada a takarda uku, duk ɗaya.

Na ba Garba direba hoton da ya fi ɗan dama a cikinsu ya kawo miki. Ni na duba har idona ya gaji. Idan ke kin gane ta, ki rubuto ki gaya mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Mala