Ka Bar wa Baba Totur Ɗinsa

Zuwa ga ƙanina, autanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yar jaririyarku. Allah Ya raya mana ita, Ya ba uwarta lafiyar shayarwa, kai kuma Ya sassauta maka wannan aikin da ba ya barin ka ka huta. Mu nan lafiya, sai godiya. Maigidana yana nan yana lallaɓa bayansa. Yara suna makaranta, babbar ta fara taya ni a shago in ta taso, ko da yake zaren da take ɓata min ya fi taimakon yawa. Gwaggo ta zo ta yi mana 'yan kwanaki ta koma. Ƙafar da sauƙi, bakin ne dai har yanzu ba sauƙi. Ni kuwa in ka tambaye ni, na gaji, Auta. Gajiya irin wadda barci ba ya ɗauke ta.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barina in kai aya. Da na buɗe baki sai ka ce ai ƙaramin abu ne, yanzun nan za ka gyara. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar Baba ce, da na'urar wasan nan ta hannu da ka aiko masa.

Ba zan danne maka haƙƙi ba, na'urar nan ta yi mana rana. Ka san yadda Baba ya koma bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin tirela ya dawo zaman kujera a bakin taga, hannu ajiye a cinya kamar ba nasa ba. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba kyanwa ba ne, ya mirgina ta ƙarƙashin gado. Ranar da abin naka ya iso dariya na yi, na ce tsoho da kayan wasan yara. Sai ka ce in buɗe masa wasan tuƙin manyan motoci. Wallahi ƙarar injin kawai ya ji ya gyara zama. Kafin wata ya ƙare ya san hanyoyin ciki, yana zagin ƙananan motocin da ke shiga gabansa, ba ya shan kwana sai ya sa sigina, in na kawo abinci kuma sai ya ce in jira ya faka, direban kirki ba ya barin kaya a tsakiyar titi. Babban abin shi ne madannin totur, wato na ba mota wuta, yana ɓangaren dama, dole ɗan yatsan nan da ya mutu ya yi aiki. Likitar da kanta ta ce yatsan ya fara motsi, ta ce ko mene ne yake yi a gida kada ya daina.

Ni fa har gobe ban gane wannan Linux ɗin naka da ke cikin na'urar ba. Ka yi min bayani ya fi a ƙirga: wai tsari ne da ba shi da mai shi, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gyara, wai wasan ma ba don wannan tsarin aka yi shi ba, akwai wani tafinta a tsakaninsu da mutanen duniya suka haɗu suka gina kyauta. To, Allah Ya saka musu. Abin da na sani shi ne ni ce hannuwanka a nan. Sau nawa na tsaya a shago, tef a wuya, wadda ta kawo ɗinki tana jira tana tsaki, ni ina karanto maka farin rubutu a kan baƙin allo baƙi bayan baƙi, kana ce min in bar fili, a'a ba nan ba, in goge in sake? Da ka shirya yadda za ka riƙa shiga na'urar daga can ba sai da ni ba, har hamdala na yi. Ashe kura na ba ajiyar nama. Kai tun kana ƙarami ba ka iya ganin abu yana aiki ka ƙyale shi.

Ranar da na kai Baba asibiti, kai kuma ka shiga ka sauke tsarin da ke ciki ka ɗora wani, wai ya fi sauri, batir ya fi daɗewa. Wa ya kai maka kukan batir? Garin neman gira aka rasa ido. Muka dawo, ya ɗauki abinsa yana fara'a, ya ɗauko lodi, ya nufi wani hawan dutse da ya saba bi yana hira. Motar ta fara ja da ƙyar, ta tsaya, ta dawo da baya ta bugi shingen titi. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Ina tsaye da kofin magani ina kallo. Bai zagi na'urar ba, bai zagi kowa ba. Hannunsa ya kalla, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buɗe durowa ya sa na'urar ya rufe.

Daga ranar hannun ya koma cinya. Ya koma shan shayi da hagu, ya daina yunƙurin ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Da ranar asibiti ta zagayo ya ce ba ya zuwa. Ya gaya wa maigidana cewa ciwon ne ya dawo, ya gani da idonsa, hannun da jiya ya hau dutse yau ya kasa, a daina wahalar da mutane a kansa. Ni kuma ya ce in ba yara na'urar, dama tasu ce. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har ranar da ya faɗi a bakin ƙofa ma ban ji irinsa ba, don a lokacin yana son ya tashi.

Ka tuna abin da ka faɗa min da na kira ka. Ka ce hannun Baba lafiyarsa ƙalau, kai ne tun farko ka sassauta madannin totur, yadda ko shafa shi aka yi motar za ta ɗauka an taka har ƙasa, ka kuma sa wani mataimaki da ke miƙe sitiyari in ta fara karkata. Ka ce wani bawan Allah mai hannu ɗaya ne ya tsara saitin ya saka a zaurenku na intanet don masu irin larurarsa, kai kuma ka manta ba ka ajiye shi ba kafin ka share komai. Ka ce kada in gaya wa Baba, ransa zai ɓaci, za ka nemo saitin ka mayar a ɓoye in aiki ya lafa maka a ƙarshen wata. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, ba na ko shakka. Amma kai kana can, ni ce a nan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitar ta riga ta gargaɗe ni cewa hannun da aka ajiye sandarewa yake yi, ba ya jiran kowa ya samu hutu a wurin aiki. Ga shi kuma kowace safiya ni ce nake kallon fuskarsa.

Don haka na gaya masa. Da safe ne, ina shafa masa mai a yatsu, na faɗi komai ban rage ba. Na zaci zai ji sanyi ya san ba hannunsa ba ne. Ina! Sai ya janye hannun daga nawa. Ya tambaye ni ko ke nan duk watannin nan ba shi ke tuƙi ba. Na ce shi ne mana, ɗan taimako ne kawai. Ya ce ya san irin wannan taimakon, shi ma ya sha ɗora mu a cinya muna ƙanana ya ba mu sitiyari mu riƙe, ƙafarsa na kan totur, muna ihu wai mun iya mota. Ya ce bai san ya kai shekarun da za a ɗora shi a cinya ba. Ya tambaya har da ni aka haɗa baki, na rantse masa ban sani ba sai shekaranjiya, amma ban ga alamar ya yarda ba. Kwanaki ya yi ba ya min magana sai gaisuwa. Abinci in babbar 'yata ta kai ya ci, in ni na kai ya ce ya ƙoshi. Na zauna a bayan keken ɗinki na yi kuka har na ɓata wa wata mata wuyan riga, na ce ni da na faɗi gaskiya ni aka juya wa baya, wanda ya yi aikin yana can yana shan iska.

Ranar Talatar nan na dawo da tsakar rana in ba shi magani, tun daga ƙofar falo na ji ƙarar inji. Yana zaune bakin taga, na'urar a kan matashi a cinyarsa, yana gindin dutsen nan. Yatsan yana kan madanni yana rawa, jijiyar hannun ta miƙe, gumi na bin goshinsa. Motar ta hau kaɗan, ta dawo. Na ajiye maganin. Zan fita ya kira ni da sunan da yake kirana ina yarinya, ya ce in ba ka saƙo. Ya ce ka bar totur ɗin yadda yake, da nauyinsa na gaskiya. Ya ce kada ka sassauta, kada ka sa masa mai miƙe sitiyari, in kuma ya ji motar ta yi laushi rana ɗaya, zai san ka shiga, kuma ba zai ƙara taɓa ta ba har abada. Ka san Baba in ya faɗi magana. Jiya da kansa ya ce a kai shi asibiti, ya ce wa likitar ta nuna masa yadda ake ƙarfafa yatsa ɗaya.

To, abin da nake roƙonka ke nan, kuma na san shi ne abu mafi wuya a wurinka: kada ka gyara. Ko ka samo saitin mutumin nan, ka yi masa godiya ka ajiye. Ko an fito da sabon tsari mai tashi sama, ka ɗora a taka. Na sa maigidana ya canza lambar sirrin intanet ɗin gidan, na'urar ba ta kan layi yanzu, kuma ba zan ba ka sabuwar ba, kada ma ka bi ta wajen yara. Ba fushi nake ba. Ban sani ba ko hannun zai kai, likitar ma ta ce ba ta da tabbas. Har yau bai wuce rabin hawan ba. Kullum ina kicin ina jin injin yana kuka, ya yi shiru, sai ƙarar karo, sai a sake tayarwa, kuma kowane karo a ƙirjina nake jin sa. Akwai lokacin da nake ji kamar in kira ka in ce ka lallaɓa ka sassauta masa ko kaɗan ne. In na kira ka na faɗi haka, gajiya ce ke magana, kada ka saurare ni.

Ka gaishe min da matarka, ka ce mata na gode da hotunan, yarinyar goshin Inna ta ɗauko, Allah Ya jiƙan Inna. Ka gaishe da surukanka da Kawu in kun haɗu. Maigidana da yara suna gaishe ku, Gwaggo ma ta bar tata gaisuwar haɗe da ƙorafin ba ka kiranta. Na tambayi Baba ko in sa tasa gaisuwar, ya ce a'a, direba ba ya surutu a kan hawa. Ya ce in ya kai sama shi zai kira ka da kansa, kuma da hannun dama zai riƙe wayar. Duk aikin da kake ciki ranar, Auta, ka ɗaga.

Taka har kullum,
Yayarka.