Hayaƙin wasu a gyalenki

Zuwa ga sanyin idona, iskar asubahi, wadda dariyarta ta fi ruwan farkon damina daɗi a kunnena,

Ina rubuto miki ne ina tari, kuma wallahi ban san ko kewarki ce ta shaƙe ni ko sigarin baƙin otal ɗinmu ba. Tun ranar da Kakarki ta yanke min hukunci, abinci ya daina yi min ɗanɗano, ni da nake wuni ina ɗaukarsa a tire!

Kin tuna yammacin da na kawo miki gyalen nan ruwan toka? Kika yafa, kika juya, har na manta sunana. Sai ga Kaka ta zo wucewa, ta ja birki, ta ɗaga hanci sama. Ta shinshini gyalen, ta shinshine ki, ta shinshine ni, sannan ta ce kada in ƙara taka ƙofar gidanku, ita ba ta haɗa jini da mashayin taba. Ni? Ni da ko ashana na ƙyasta sai na yi atishawa?

Ga gaskiyar magana, farin watana. Da na sayi gyalen, sai na rasa ƙarfin halin ba ki. Na rataye shi a lokata, ɗan kabad ɗin ajiye kayana a wurin aiki, kullum in ce gobe. Lokar kuwa tana jingine da zauren masu shan sigari. Duk abin da manyan mutane suka busa, ni da gyalenki muka raba.

Manajanmu ya rantse ya raba masu sha da marasa sha. Kin san da me ya raba? Da tukwanen fulawa! Ya jera su a tsakiyar ɗaki, ya kafa allo, shi a dole hayaƙi zai karanta ya koma. Fulawar ma ta gaji ta mutu, aka sayo ta roba.

Da ina dariyar abin. Amma akwai dattijon da ya koya min aiki, muna ce masa Baba Tire. Tun ba a haife ni ba yake kwashe tokar wasu, bai taɓa kai karan sigari bakinsa ba. Kwanan nan likita ya duba ƙirjinsa ya ce ya daina shan taba. Ranar ban yi dariya ba, na ji tsoro ƙwarai. Da wane huhu zan yi wa 'ya'yanmu wasan doki?

Don haka na je wurin manaja, na ajiye farar riga da ɗan laƙatayen wuya, na roƙi a mayar da ni kicin. Abokan aiki suka ce an yi min asiri. Na ce e, kuma na san wadda ta yi. Babban kuku ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min wuƙa da buhun albasa.

Ya ke furen zuciyata, ki roƙar min Kaka. Ranar hutuna zan zo in tsaya nesa da ƙofa, hannuwa sama, ta fito ta shinshine ni son ranta. Albasa za ta ji, tsantsarta. In kuma kin ga idona ya yi ja yana zubar da hawaye, kada ki ba albasa duka ladan, rabi naki ne.

Naki har numfashin ƙarshe, wanda yanzu nake adana miki shi,
Mai yankan albasa