Karsanar Inna da Farantan Rana

Birnin Kudu

Zuwa ga ƙanena Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Khairiyya da yara da dukan mutanen Dingaya. Yaya garke? Yaya ciwon ƙafar taka?

Farantan hasken rana sun hau rufi. Fanka na juyawa da tsakar rana, har maigidana Malam Ƙasimu ya daina fifita da bangon littattafaina. Na san ranka bai so sayar da jar saniyar Inna da karsanarta don sayen su ba. Ni ma ban manta ba cewa zuriyar saniyar da aka ba Inna ranar sunanta ce, kuma su biyu ne suka rage daga wannan tsatso. Amma takardar wuta tana cinye min fansho, ga shi Alhaji Barau, dillalin Basirka, ya yi alkawarin riƙe karsanar har ƙarshen kaka in fanshe ta. Maƙwabciyarmu ta da, Hajiya Kulu, tun da ta sa nata farantan abin da take biya ya koma ƙasa da rabi. Na koyar da lissafi har na yi furfura, Haladu. Na buga, ya fita. Ka kwantar da hankalinka.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Zahara'u

Birnin Kudu

Ƙanena Haladu,

Sallama da fatan alheri. Yaya damina? Allah Ya sa gero ya yi kai.

Takardar wuta ta zo sau uku, ko kwabo bai ragu ba. Na ɗauki mayafi na tafi ofishin 'yan wuta. Wani yaro da ba zai wuce sa'an ɗalibaina ba ya yi min bayani a hankali, kamar mai lallashin kurma. Wai gidan Hajiya Kulu yana kan layin da ake ba wuta kusan kullum, farashinsu da tsada, kuma tana da mitar kati. Duk abin da rana ta ba ta, kuɗi ne ya zauna a jakarta. Mu kuwa ba mu da mita. Ƙiyasi ake mana: a dubi abin da unguwa ta sha, a yanka wa kowane gida rabonsa. Ko na kashe komai na kwana a duhu, rabona yana nan. Ashe rana tana min aiki, ni ina biya wa injin markaɗen maƙwabta.

Na ce a ba ni mita. Ya ce in rubuta suna, ana jiran kaya. Na ce to a yanke min waya. Ya ce shi ma sai an rubuta, an zo an duba. Na tambaye shi ko da ƙiyasi ake biyansa albashi. Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Kamaluddeen da ya sayar min da farantan bai taɓa tambayata yadda ake cajina ba. Na je na wanke shi tas a gaban shagonsa, ya rantse kayansa ba su da aibu. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Don Allah ka je Basirka ka roƙi Alhaji Barau ya ƙara haƙuri. Ka shafa min goshin karsanar, wurin farin nan.

Taka,
Zahara'u

Birnin Kudu

Haladu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun kai amfani gida lafiya.

Saƙonka ya iso. Ban ga laifin Alhaji Barau ba. Ya jira har aka gama sussuka, dusa kuma ba kyauta ake ba shi ba. Ka ce da aka tura karsanar cikin tirelar Kudu ta yi ta waiwaye. Da ka bar wannan a cikinka.

Mita ta zo ranar Talatar da ta biyo baya. Suka kafa ta a zaure, har da yi min barka. Na sa mata kati ɗan kaɗan, ga shi wata ya kusa mutuwa bai ƙare ba. Lissafina daidai ne, Haladu. Yanzu kowane wata zan ga rarar da na faɗa maka, ba ragi. Malam ya ce in tara in sayi wata karsanar, ai kasuwa cike take. Allah Ya ba shi lada, ɗan birni ne.

Tun daga kakar Inna ba a taɓa rasa ja mai farin goshi a garkenmu ba, har da shekarun fari. Sai a hannuna, ni da aka kai makaranta.

Kada ka yanke maɗaurinta daga igiyar dangwali, ka ɗaura wani ɗan maraƙin a wurin. Ƙwaryar tatsar Inna kuwa, ka ba direban motar Gwaram ya kawo min. Ba ni da abin tatsa, amma ɗakina da haske yanzu dare da rana. Zan ajiye ta inda zan riƙa ganinta.

Ka yafe min. Ka gaida Khairiyya.

Yayarka,
Zahara'u