Ba Ni Son Ruwan Nan, Baba

Comacchio, Nuwamba 1954

Baba abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya sanyin tafki, yaya ciwon gwiwar? Mama lafiya lau, kullum tana gidan gashin kifi, sai magariba take dawowa tana warin hayaƙi.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko limamin coci. Baba, ba ni son ruwan nan.

Na san yadda kake alfahari da ni. Ranar da jami'an gwamnati suka zo rubuta masu son gona a inda aka janye ruwan tafki, ka dafa kaina a gabansu ka ce 'yarka kifi ce, in an fitar da ita tudu mutuwa za ta yi. Na yi murmushi don kawai ka ji daɗi.

Yanzu layinmu ya watse. Su ƙawata Iole sun tafi gonakin, su Dirce ma sun tafi. Gidan su Dirce da ke tsallaken ruwa, inda muke jefa wa juna littattafan soyayya ta taga, an buga masa katako. Littafin ƙarshe da ta jefo min na karanta shi har bangon ya cire. A cikinsa kullum wani yakan haye gada ya zo. Ni ina zama a kan matakalar gada, babu mai wucewa sai tsohuwa Argia, ita kuma sai tsiya, wai in ci gaba da zama, saurayin takarda yana hanya, kwalekwalensa ne ya huje.

Iole ta rubuto. Wai ƙasar gishiri ce, alkama da ƙyar take tsira, amma ranar Asabar ana rawa a babban ɗakin ajiyar hatsi, kuma akwai famfo. Na san kakanninmu a ruwan nan suka rayu suna kamun angwila, kifin nan mai kama da maciji, tun kafin a gina gadojin. Ban raina su ba. Ni dai wuni nake yi ban ji muryata ba.

Ƙarshen watan nan za a rufe rubuta sunaye, kai kuwa ba za ka baro bukkar masunta ba sai kamu ya ƙare. Ina roƙonka ka zo ka sa namu.

Na san Kawu Gildo ne zai karanta maka wasiƙar nan, da ƙarfi, a gaban dukkan mazan, kamar yadda ya saba. Za su yi maka dariya. Sau biyu ina yaga irinta saboda haka. Kawu, don Allah ka karanta a hankali, kada ka tsallake komai.

Ga Sante mai kai muku kaya can yana loda burodinku a kwalekwale. Bari in sauka in ba shi wasiƙar a hannu tun bai kwance igiya ba.

'Yarka,
Nives