Kujerar Baya

Inugu, Yuni 1966

Yaya Kallamu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Anacha. Mu nan unguwar Coal Camp lafiya lau, fawa tana tafiya, sai dai tun rikicin da aka yi a Arewa masu sayen nama sun rage wasa da mu.

Bayan haka, zan sayi mota. Na je kamfanin da ke sayar da su, na ga wata koriya ƙirar salun, tun daga bakin ƙofa raina ya kwanta da ita. Cikin Maijidda ya fara fitowa, ba na son ranar haihuwa a kai ta asibiti a keke. Kai ne direba a gidanmu, ka ba ni shawara.

Ƙanenka,
Na'Allah

Anacha, Yuni 1966

Na'Allah,

Ina amsawa. Shawara kake nema ko sanarwa kake yi? Na san ka, ko rago ka je saye ƙaho kake fara dubawa.

To saurara. Kada fenti ya ruɗe ka. Ka sa a buɗe maka inji, ka tafi da bakaniken da ba na kamfanin ba. Ka ce a hau da ita tudun Miliken, can ake sanin mota. Ka duba safayar taya da jak kafin ka fita da ita. In da ni ne, a-kori-kura zan saya, ta ɗauki nama ta ɗauki iyali. Babban abu kuma, ka koyi tuƙi tukuna. Mai mota da bai iya riƙe sitiyari ba fasinja ne.

A gaida Maijidda da yara.

Yayanka,
Kallamu

Inugu, Agusta 1966

Yaya Kallamu,

Bayan gaisuwa, na saya. Koriyar. Na bi maganarka wajen bakanike: na tafi da maƙwabcina Nwafor, wanda aka haifa a Kafanchan, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Ya duba inji, ya hau da mu Miliken, ya ce lafiyarta ƙalau.

Maganar tuƙi kuwa, mai sayarwar da kansa ya buɗe mini ƙofar baya, ya ce nan mai mota ke zama. Na zauna, Yaya, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu Nwafor ne ke kai ni kwata da safe, ni kuma ina aika wa matarsa nama. Zan koya bayan Maijidda ta sauka.

Naka,
Na'Allah

Anacha, ƙarshen Satumba 1966

Na'Allah,

Ba doguwar gaisuwa yau. Ka ji abin da ake yi wa 'yan asalin yankin nan a Arewa, kuma ka san a kan wa za a huce. Nan an fara rufe rumfuna. Ni zan tsaya in kwashi mutanen unguwa a babbar mota. Ka ɗauki Maijidda da yara ku fita, kada ka jira jirgin ƙasa da mai tsohon ciki. Wa zai tuƙa ku? Wannan ne ya hana ni sukuni.

Allah ya tsare.

Kallamu

Lafiya, Oktoba 1966

Yaya Kallamu,

Ina fatan wannan ta same ka a gidan Kawu Arzika a Kano, don nan na aika. Mun fito, muna garin Lafiya.

Ranar da jirgin ƙasa ya iso Inugu da waɗanda aka raunata a Arewa, na shiga motar na riƙe sitiyari, ban san ko wanne ne birki ba. Maijidda na tsaye da ƙullin kaya tana kallona. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Sai ga Nwafor. A lokacin bai san ko uwarsa da ƙannensa sun fita daga Kafanchan ba. Ya ce, "Malam, koma mazauninka." Na koma baya. A kowane shingen hanya shi ya yi wa masu tare mu magana da yarensu, har wani ya tofa masa yawu ta taga. Ya goge, ya ja mota.

Da muka wuce Obollo Afor ya tsaya, ya ce daga nan in ya ƙara gaba ba zai dawo ba. Gaskiyarsa. Ya miƙo mini makulli. Me zan yi da shi? A gefen hanya ga mutanensu sun taho daga Arewa a ƙafa, wasu da ɗauri a ka. Na ce ya riƙe, da makullin da motar. Muka taka har muka sami motar doya zuwa Makurdi.

Maijidda na nan, yau ko gobe. Ka yi mini tsiyar da za ka yi, na cancanta.

Ƙanenka,
Na'Allah

Kano, Nuwamba 1966

Na'Allah,

Alhamdu lillahi. Ni ma na iso.

Ba tsiyar da zan yi maka. A fitowata ta ƙarshe na ga motarka a Obollo Afor. An cire kujerar bayan gaba ɗaya, mutane ne cunkushe a wurin, har da kan but. Nwafor ya gane ni a kamanni. Ya ce kullum yana zuwa, yana duba fuskoki, wanda ya samu ya ɗauka. Uwarsa ba ta iso ba tukuna.

Na saurari injin, lafiya lau yake. Ka yi sayayya mai kyau.

Bai tambaye ni komai ba sai ko Maijidda ta sauka, kuma me aka samu. Ka rubuto mini. Ranar da hanya ta buɗe, ni zan kai masa amsa.

Yayanka,
Kallamu