Tsinken Gyara na Inna

Assalamu alaiki, Inna, wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da kyakkyawar maƙwabtakar da kika kwashe shekaru kina nema. Ni ce Kulu, autarki. Shekara uku ke nan da maza suka raka ki maƙabartar Baƙi'a a nan Madina. Kin san mu mata iyakarmu bakin katanga. Nakan zo in tsaya in yi miki sallama, amma kafin in gama jero labari an ce mu matsa. Shi ya sa yau na ɗauki biro, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin tsayuwar bakin katanga.

Labarin Baba ne. Kada gabanki ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, har kumatu ya yi.

Kin tuna alƙawarin da kika sa na ɗauka a mustashfa, kina kwance a gadon asibiti, kwana biyu kafin ki cika? Kin riga kowa ganin mantuwa ta fara taɓa shi. Kika damƙe hannuna kika ce, "Kulu, da ƙafa ubanki ya zo garin nan, shekara bakwai yana hanya. Kada ki bari a fitar da shi a mota." Na ce na yi alƙawari. A ranar na ɗauka abu mai sauƙi ne. Wallahi Inna, saura ƙiris in karya shi.

Bayan tafiyarki abin ya ci gaba a hankali. Da farko sukari yake zuba wa ful, dafaffen waken karin kumallo, ya ce mai gidan abincin ne ya lalace. Sai Larabcin da ya yi shekara hamsin yana ciniki da shi ya fara zubewa, ya koma Hausar ƙauyensu tsantsa. Jikokinki za su gaishe shi da "Sidi, Sidi," yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kaka, shi kuwa ya dube ni ya ce 'ya'yan wane ne waɗannan, ba su iya gaisuwa ba? Mu yi ta dariya, in shiga kicin in share hawaye.

Abu ɗaya ne bai bar shi ba: sana'arsa. Kansa ya manta sunana, amma hannunsa bai manta tsire ba, wanda mutanen Madina ke kira siriya, suke yi wa layi a gaban tukubarsa. Da la'asar ta yi zai ɗauko wuƙarsa daga kube ya hau neman abin yanka. Ya yanka mini soson wanka sala-sala, siriri kamar takarda. Ya yanka takalmin Usman, mijina, ya jera a faranti. Na ɓoye wuƙar sau uku. Duk ranar da na ɓoye ba ya ci, ba ya sha, sai ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Ban iya jurewa ba, na mayar masa.

Ranar da hankalina ya tashi gaba ɗaya, wata safiya ce. Na dawo daga kai yara bakin motar makaranta na tarar da ƙofa a buɗe. Muka zaga unguwar Aziziyya kaf, babu shi. Sai wajen hantsi aka same shi a harabar Harami, tsaye a kan marmara, daidai inda tsohuwar unguwarmu take kafin faɗaɗawa ta haɗiye ta. Wuƙa na naɗe a ƙyalle a hammatarsa, yana tambayar askari wa ya ɗauke masa tukuba. Allah Ya rufa asiri, askarin ya ci tsirensa tun yana ɗan makaranta. Shi ya riƙo hannunsa har gida, yana ce masa Ammi Idi, wato Baffa Idi, yau babu kasuwa.

Likitan da ya duba shi, wani ɗan Zariya mai fara'a, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce cutar mantuwa ce, ba ta komawa baya, kuma Baba na bukatar ido a kansa daga safe har dare. Ni ga makarantar da nake koyarwa, ga yara huɗu, ga shaƙƙar da muke zaune a ciki, gidan bene a hawa na uku.

Nan Yaya Sale ya shigo da nasa. Kin san ɗanki, in ya yanke magana ya yanke. Ya samo wani gida a Jidda na masu irin wannan lalura, kusa da wajen aikinsa, da likita da komai. Kullum sai ya kira ni da sabuwar wayar hannun nan tasa da yake ji da ita. Na gaya masa alƙawarinki. Ya ce Inna ba ta ce a bar shi ya shiga gaban mota ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Ya ba ni zuwa ƙarshen Rajab. In ban samo wuri a Madina ba, zai zo ya ɗauke shi.

Oh ni Kulu! Na yi yawo, Inna. Usman ya zama direbana, da ya taso aiki sai mu kama hanya, ni da jakar takardu. Akwai wani gida a wajen Jurf, fes da shi, ko ƙuda babu. Tsofaffi a jere a kan kujeru suna fuskantar talabijin. Ma'aikacin ya yi mini tambayoyi yana cike takarda: yana fita? Yana faɗa? Yana riƙe abu mai kaifi? Usman na taka mini ƙafa, amma bakina ya riga ya faɗi gaskiya. Mutumin ya rufe fayil cikin ladabi, ya ce ma'alesh, ba su da halin kula da irinsa. Ban ga laifinsa ba.

Wani wurin kuma na marasa lafiya ne na kwance, Baba kuwa ya fi ni saurin tafiya. Sai muka gwada kawo mai kula da shi gida, wani magidanci ɗan Indunusiya mai haƙurin gaske. Kwana tara ya yi. Baba ya ɗauka neman aikin tsire ya zo, ya miƙa masa albasa ya yanka, ya duba, ya ce wannan ko kaza ba zai ba shi ya fiɗe ba. Ya kore shi har bakin bene. Bawan Allah yana tafiya yana dariya, ni kuwa ina lissafin kwanakin Rajab.

Ga kuma bakin mutanenmu. Da aka ji ina nema wa Baba wuri, sai ka ce na ce zan jefa shi a rijiya. A wajen biki wata ta ce mini ita dai ba za ta kai ubanta gidan gajiyayyu ba tana da rai. Na san nata uban a ɗaki yake a kulle, ana miƙa masa abinci ta ƙofa. Na haɗiye maganar, don ke kika hana ni rashin kunya.

A wajen bikin nan ne ƙawarki Goggo Zinatu ta ja ni gefe. Har yanzu tana nan da Hausarta ta Sudan da turarenta mai hawa kai. Ta ce me ya hana ni leƙa ribaɗin Ranuna? Kin san shi, tsohon gidan waƙafin nan da ke kusa da Kuba, wanda wani attajirin mutanenmu ya bar wa tsofaffi. Ni a sanina kango ne. Ta ce a'a, yanzu Malam Abakar ke riƙe da shi, mutumin Chadi, ya yi shekara talatin yana aikin jinya a mustashfa kafin ya yi ritaya. Shi da matarsa suna kula da tsofaffi bakwai, huɗu daga ciki masu mantuwa, likita na zagayowa duk mako.

Saura kwana shida muka je. Gida ne na da, tsakar gida mai faɗi, dabino biyu, ƙofa ɗaya mai sakata a can sama. Na zauna na fara zazzage laifukan Baba kamar yadda na saba, don a kore ni da wuri in huta. Malam Abakar ya bar ni na gama. Sai ya tambaye ni abin da babu wanda ya taɓa tambayata: lokacin da yake da lafiya, me yake yi da la'asar?

Na ba shi labarin tukuba da layi da wuƙa. Ya tambaya ko shi ke yanka har ya tsufa. Sai na tuna abin da kike faɗa mana, cewa a sana'ar tsire babban maigida ba ya yanka. In ya sami wanda ya yarda da hannunsa, sai ya miƙa masa wuƙa, shi ya koma kan yaji, don yaji shi ne sirrin. Baba bai taɓa samun wanda ya yarda da shi ba, ko Yaya Sale ya gwada ya sha rankwashi. Malam Abakar ya ce in kawo shi gobe bayan azahar, kada in raba shi da wuƙarsa.

Inna, da kin ga abin da na gani, da kin yi dariya har ɗankwalinki ya faɗi. Dattijo mai furfura, ɗan shekara sittin da wani abu, ya durƙusa a gaban Baba ya ce ya zo neman a koya masa sana'a. Baba ya kama tafin hannunsa ya juya, ya latsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo cinyar rago. Malam Abakar ya yanka da wuƙar kicin, da hannun da ya saba da aikin asibiti. Baba ya ɗaga yankan ya duba a rana, ya ce da kauri, sake. Ya sake. Sau huɗu. A na biyar Baba ya ajiye yankan a faranti. Ya zaro wuƙarsa daga hammata, ya juya ƙotar, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Riƙe. In ka bari ta yi tsatsa, ka bar mini gidana."

Wuƙar da na ɓoye sau uku, ta hana ni barci wata da watanni, da kansa ya bayar. Yanzu tana cikin akwatin Malam Abakar a kulle, ana fito da ita ranar Alhamis kaɗai. Baba kuwa an ba shi turmi da taɓarya. Kullum da la'asar yana zaune a gindin dabino yana dakan ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro. In wani ya matso sai ya rufe turmin da babbar riga. Har yau babu wanda ya san awon, ni ma ya ce in ja da baya.

Yaya Sale ya zo ranar Alhamis ta ƙarshen Rajab, da mota da takardun Jidda a hannu. Tun daga bakin titi ƙamshi ya tare shi. Ya shigo ya tarar da wuta na ci, Malam Abakar na juya tsinke yana shan faɗa, tsofaffi sun yi layi da farantansu, Baba na barbaɗa yaji. Ya nufe shi zai gaishe shi, Baba ya nuna masa bayan layi ya ce nan ba a tsallake. Babban injiniya ya bi layi. Da ya kai loma ɗaya baki sai ya juya mana baya, ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Takardun nan a mota suka koma Jidda.

Ba zan ce miki komai ya gyaru ba. Akwai ranakun da yake kuka yana neman innarsa. Akwai ranar da ya ƙi wanka, sai da aka ce masa manyan baƙi za su zo ciniki. Ni ma in na koma gida na ga gadonsa babu kowa, sai zuciyata ta ce kin kai ubanki wani gida. Amma yana ci, yana barci, yana faɗa, kuma duk Asabar Malam Abakar na riƙe hannunsa su taka zuwa masallacin Kuba. Na ba Goggo Zinatu izinin karanta wannan takarda a taron mata, ko wadda ta kulle nata za ta ji.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Kin sha gaya mana yadda aka yi kika aure shi. Kina yarinya ana aikenki sayen tsire, kullum sai ya ƙara miki tsinke ɗaya na gyara, sauran yara kuwa ko ƙyallin albasa. Kikan ce, "Ni dai tsinke ɗaya ne ya kawo ni gidan nan." Shi kuma ya ce ai har yau bai ga ribar cinikin ba, ki jefe shi da mafici.

Alhamis da ta wuce na bi layi kamar kowa. Bai gane ni ba, na saba. Ya naɗe mini tsinke uku a takarda. Har na juya sai ya ce tsaya. Ya daɗe yana kallon fuskata, kin san kowa na cewa kamarmu ɗaya. Ya zaɓo tsinke mafi kyau, ya tsoma shi a yaji sau biyu, ya ɗora a sama. Ya rage murya don kada na baya su ji, ya ce, "Wannan na Hajjo ne. Ki ce mata ina nan inda ta bar ni."

Shekara biyu rabon da in ji sunan wani ya fito daga bakinsa daidai, sai naki.

To Inna, ga saƙo na isar. Yana nan inda kika bar shi, tsakaninsa da ke tafiyar da ƙafarsa ta sani. Tsinken kuwa, ki yafe mini, ni na cinye shi a mota ina kuka, Usman na roƙon in ɗanɗana masa na hana. Yajin na nan yadda kika san shi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya sa iskar Aljanna na riskarki safe da yamma. Allah Ya saka wa Malam Abakar da matarsa da abin da ba za mu iya biya ba. Allah Ya sauƙaƙa wa Baba sauran kwanakinsa, in lokacinsa ya yi Ya ɗauke shi a garin nan da ya tako da ƙafarsa, Ya kwantar da shi kusa da ke. Amin.

Taki har kullum, mai warin hayaƙi,
Kulu